Aibin da Ba Ya Jikin Mota

Kawuna yana da wata jar mota ƙirar Toyota Celica, mai ƙofa biyu, daga cikin irin waɗanda ake kira motocin tsere. Ya saye ta 'yar Kwatano lokacin da yake aikin gwamnati a Kaduna, ya dawo da ita Gusau bayan ya yi ritaya, ya kuma riƙe ta shekara goma sha huɗu riƙon ɗan auta. Ba ta taɓa kwana a waje ba. Bakanike ɗaya ne ke taɓa ta. A cikin ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja akwai littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda a ciki yake rubuta duk ranar da aka yi mata juyen baƙin mai, da ranar da aka sauya taya ko birki, da yawan kilomitocin da ta ci kafin nan. Har ƙwarzanen da wani mai babur ya yi mata a ƙofar dama yana cikin littafin, tare da kuɗin fentin da aka biya.

A bazarar 2024 ya yanke shawarar rabuwa da ita. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, zamanta a rumfa ya fi hawanta titi yawa. Amma babban dalilin shi ne ƙaninsa, wanda ya baro ƙauyensu na yankin Magami da iyalinsa, mutum goma sha ɗaya, saboda 'yan bindiga, suka tare a gidansa. Kawu ya tayar musu da ɗakuna biyu a bayan gida, gini ya kai linta, kuɗin kwano da katako suka gagara, ga damina tana ƙaratowa.

Bai kai motar wurin dillalai ba, don yana ƙyashin la'ada, yana kuma son ya ga hannun da za ta faɗa. Ya manna takarda a gilashin baya kurum. A kwana na tara wani saurayi ɗan Magami, mai sana'ar hatsi, ya yi sallama. Ya samu kasuwa mai kyau a waken suya da masara, aurensa kuma saura wata guda. Ya zagaya motar sau uku, ya saurari ƙarar injin, ya zauna ya karanta littafin nan shafi bayan shafi. Da ya rufe shi sai ya ce, "Baba, wanda ya rubuta wannan ba sai an kira bakanike ya duba motarsa ba." Ya taya naira miliyan uku da rabi, kawu ya ce albarka. Ya ƙara dubu ɗari biyu, wanda ya zarce abin da kawu ya sa rai. Saura kalmar sallamawa kaɗai, sai kawu ya tambaye shi, "Ɗana, ina za ka riƙa zuwa da ita?" Ya amsa da cewa, "Gida mana, Baba, Magami. Ranakun kasuwa kuma in leƙa Tsafe da Bunguɗu." Kawu ya yi shiru, ya sunkuyar da kai.

Ina zaune a kan tabarmar da aka yi wannan ciniki, kuma shirun nan nasa shi ne abin da nake son in yi nazari a kai. Kawu ya san abubuwan da saurayin bai auna ba. Ya san tsakanin cikin motar da ƙasa bai kai taƙi guda ba, don an ƙera ta ne saboda shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Ya san hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Magami zuwa Ɗansadau, a yadda take a wancan lokacin, ramukanta za su fasa kaskon baƙin man da ke ƙarƙashin injin kafin damina ta raba. Ya san kamfanin Toyota ya daina ƙera wannan samfuri tun 2006, saboda haka fitila ko gilashi ya fashe sai an aika Kano ko Legas. Ya san ba ta da mazaunin buhu ko ɗaya. Ya kuma san jar mota mai ƙyalli ana hango ta daga nesa, a hanyar da kowane matafiyi ke fatan kada ido ya faɗa kansa. Duk da haka, ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira aibi a jikin motar. Lafiyarta ƙalau. Tambayar ita ce: mutumin da bai yi ƙarya ba, bai kuma ɓoye wata ɓaraka ba, shin akwai sauran haƙƙi a kansa na ya faɗa wa mai saye cewa hajarsa ba ta dace da shi ba?

Da dillali ne zaune a wurin, amsarsa a shirye take: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saurayin baligi ne mai hankali, ɗan kasuwa ne, a hanyar Magami ya girma, ba cinikin biri a sama aka yi ba. Ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya taya da bakinsa. Bai kamata a raina wannan amsa ba, domin manyan masana sun tsaya a kanta. Sisero, ɗan siyasa kuma marubucin Rum, ya kawo wani misali a littafin da ya rubuta kan wajibban ɗan Adam a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Wani fatake ya ɗauko hatsi daga Iskandariyya zuwa tsibirin Rodas, inda ake fama da yunwa, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Shi ne ya fara isowa, amma ya san akwai wasu jiragen ruwa maƙare da hatsi a bayansa. Zai faɗa wa mutanen garin, farashi ya faɗi, ko zai yi shiru ya ci kasuwarsa? Sisero ya sa hujjar yin shiru a bakin Diyojinas na Babila, wanda ke ganin ɓoyewa daban, rashin faɗa daban, kuma mai sayarwa ba malamin mai saye ba ne. Bayan ƙarnuka da dama, Toma Akwinas, malamin Kirista da ya rasu a 1274, ya duba irin wannan mas'ala, ya ce fataken da ya yi shiru bai saɓa wa adalci ba, ko da yake da ya faɗa, da nagartarsa ta fi cika.

Dokar Ingila ma ta bi wannan sawu. A wata shari'a ta 1871 tsakanin Smith da Hughes, wani mai horar da dawakin sukuwa ya sayi hatsin dawaki daga wani manomi yana zaton tsoho ne, ashe sabo ne, wanda ba shi da amfani a wurinsa. Alƙalai suka ce muddin mai sayarwa bai yi alkawarin tsoho ne ba, bai kuma jawo kuskuren ba, to ba dolensa ba ne ya farkar da wanda ya ruɗi kansa. A wannan ma'auni, kawu yana iya karɓar kuɗinsa ya kwanta barci, ba kotun da za ta tashe shi.

Akwai hikima a cikin wannan ra'ayi. Na farko, yana girmama 'yancin mutum. Wa ya naɗa mai sayarwa waliyyin mai saye? Wataƙila saurayin ya fi son farin cikin wata shida a cikin motar da yake mafarki a kan shekara goma a cikin wadda ba ya so, kuma kuɗinsa ne. Na biyu, kasuwa ba za ta ci ba idan aka ce sai kowane mai haja ya binciki rayuwar kowane mai saye. Na uku, kawu ba shi kaɗai ba ne. Mutum goma sha ɗaya suna jiran rufi, kuma haƙƙinsu a kansa ya riga na baƙon da ya yi sallama yau.

To amma Sisero kansa bai gamsu ba. Ya goyi bayan Antifata na Tarsus, almajirin Diyojinas, a kan cewa idan ka bar mutum cikin jahilcin abin da ya shafe shi don kai ka amfana da jahilcin, to shirunka ya zama ɓoyewa. Mu kuwa ba sai mun je Rum ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ana karanta shi a zaurukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu har yau. A babin ciniki, bayan ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi, ya ƙara da hana mai sayarwa ya rufe duk wani al'amari na hajarsa wanda in an ambata shi mai saye zai ƙi ta, ko kuma farashinta ya ragu. Abin lura shi ne ma'aunin da aka sa a nan ba jikin hajar ba ne kawai, har da zuciyar mai saye: me zai yi da ya sani?

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo wani labari a littafinsa Ihya'u Ulumiddin da ya ƙara fito da ma'anar. Wani mutum ya sayar da taguwa dirhami 300 a gaban sahabi Wasila ɗan Asƙa'u. Mai saye ya ja abarsa ya tafi, sai Wasila ya bi shi da sauri yana tambayarsa ko don nama ya saye ta ko don hawa. Da ya ce don hawa ne, sai ya sanar da shi cewa akwai rauni a tafin ƙafarta, ba za ta jure doguwar tafiya ba. Mutumin ya koma, mai taguwa ya rage masa dirhami 100. Mai karatu zai ce ai wannan aibi ne na zahiri, motar kawu kuwa ba ta da shi. Gaskiya ne. Sai dai a dubi tambayar da Wasila ya fara yi. Da mutumin ya ce yanka zai yi, da raunin nan bai zama komai ba, don mahauci ba ruwansa da tafin ƙafa. Ashe ke nan aibi ba kullum yake zaune a jikin haja ba. Sau da yawa yana tsakanin haja da buƙatar mai ita ne. Motar da ba ta da aibi a titin Kaduna zuwa Zariya tana iya zama aibi tun daga fitila har salansa a hanyar Magami.

Za a iya cewa saurayin ya fi kawu sanin wannan hanya, tunda kullum yana kanta. Haka ne, amma a bayan manyan motocin hatsi da kan babur ya san ta. Ya san hanya, bai san mota ba. Mai kallon motar a Kaduna kuma ya san mota, bai san hanya ba. Mutum ɗaya ne a kan tabarmar nan ya haɗa sanin biyun, shi ne kawu. Bayan wannan, Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Ango mai jiran ranar ɗaurin aure, wanda ya riga ya hango kansa a cikin jar mota a ƙofar gidan surukai, idonsa a buɗe yake amma ba lissafi yake yi ba. Wanda ya sayi rariya ya san rariya ce. Wannan kuwa rariya ya ɗauka yana zaton ƙwarya ce, mai ita kuma yana kallonsa.

Akwai wani ɓangare da ya fi waɗannan nauyi a wurina, shi ne littafin nan na 'yan makaranta. A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya wallafa maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 2001. Amurkawa kan kira ruɓaɓɓiyar mota da sunan lemon tsami. Abin da ya nuna shi ne, tunda mai mota ya san halinta, mai saye kuwa bai sani ba, mai saye zai taya kowace mota da farashin tsaka-tsaki don gudun faɗawa rami. Wannan farashi ya yi wa mai ruɓaɓɓiya daɗi, ya yi wa mai lafiyayya kaɗan, sai masu motocin kirki su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Wato maƙaryaci ba wanda ya saya a hannunsa kaɗai yake cuta ba, har da duk mai gaskiyar da ke son sayarwa a bayansa. Duk wanda ya taɓa neman mota a garuruwanmu ya san haka: ana mayar da agogon kilomita baya, ana zuba baƙin mai mai kauri don a danne ƙarar inji, ana shafe tabon haɗari da fenti. Shi ya sa ba mai zuwa sayen mota sai da bakanikensa.

Kawu ya kuɓuta daga wannan zargi da littafinsa. Littafin ne ya sa saurayin ya ajiye batun bakanike, shi ne kuma ya sa ya ƙara dubu ɗari biyu ba gardama. To a nan ne nauyin ya sauya kafaɗa. Da dillali ne, saurayin zai zo da garkuwarsa, ya san ana wasan kura da akuya ne, kowa ya kula da kansa. Amma a gaban dattijon da ya rubuta har ƙwarzanen babur, ya ajiye garkuwar. Ya ɗauka cewa mutumin da ya faɗi ƙaramin abu ba zai rufe babba ba. Saboda haka shirun kawu ba zai isa kunnensa a matsayin shiru ba, zai isa ne a matsayin shaida cewa ba komai. Iyakar yardar da aka yi maka, iyakar abin da shirunka ke faɗa. Mai sayar da motarsa da kansa, a ƙofar gidansa, da furfurarsa, ba ƙarfe kaɗai yake sayarwa ba, da sunansa a cikin kuɗin. Bai halatta ya karɓi kuɗin amana sannan ya fake da dokar kasuwar da ba amana a cikinta.

Wannan ba ya nufin mai sayarwa ya zazzage cikinsa duka. Ba dolen kawu ba ne ya faɗi ƙarshen farashin da zai iya sallamawa, ko ya bayyana matsuwar da yake ciki, domin waɗannan sirrinsa ne, ba halin motar ba. Ba dolensa ba ne ya nuna wa saurayin inda ake samun wata da arha. A ganina wajibcin magana yana tabbata ne idan abubuwa huɗu suka haɗu: mai saye ya bayyana abin da zai yi da hajar, mai sayarwa ya san ba za ta yi wannan aikin ba, ko za ta jawo cuta, ya ga alamar mai saye bai gane ba, sannan ya san da ya gane, da cinikin ya sauya. Idan ɗaya ta faɗi, shiru na iya zama halal. Idan huɗun suka cika, ribar da aka samu ba ta haja ba ce, ta duhun kan mai saye ce.

Haka kuma wajibcin ya tsaya ne a kan faɗa, bai kai ga hanawa ba. A nan ne masu kare 'yancin mai saye suke da gaskiya. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, amma wannan bai ba babba ikon ya yanke wa yaro hukunci a kan dukiyarsa ba. Da kawu ya ce ba zai sayar masa ba ko da ya nace, da ya mayar da shi yaro ƙarami. Da ya yi shiru, da ya mayar da shi abin farauta. Girmamawa ita ce ya ajiye masa gaskiya a gabansa, ya bar shi ya zaɓa. Zaɓin da aka yi cikin duhu sunansa kawai zaɓi.

Abin da kawu ya yi ke nan. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, tashi mu je." Ya sa shi ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce ya auna tsakaninta da ƙasa da hannunsa. Ya buɗe masa but ya ce ya nuna inda buhu zai zauna. Ya gaya masa batun kayan gyara, ya kuma gaya masa batun launinta a kan waccan hanya. Sannan ya ce, "Motar nan ba abin da ke damunta, kuma ina son kuɗin nan fiye da yadda kake zato. In ka ji duk wannan kana so, na sallama. Amma ba zan so in ji labarinka a hanya in ce da na sani ba." Saurayin ya daɗe a tsaye. Daga bisani ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, bari in yi shawara." Bai dawo ba. Mun ji daga baya cewa tsohuwar a-kori-kura ya saya.

Da tatsuniya nake bayarwa, da sai in ce washegari wani attajiri ya zo ya ninka kuɗin. Ba haka aka yi ba. Motar ta ƙara wata biyu a rumfa, daga ƙarshe wani ma'aikaci mazaunin Kaduna ya saye ta miliyan uku cif. Ruwan farko ya sauka ɗakunan nan ba rufi. Mata da yara suka yi makonni suna cunkushe a ɗaki guda, maza suna kwana a zaure, wani sashe na ginin ya jiƙe sai da aka sake shi. Matar ƙanin kawu ta faɗi wata magana da har yau ban manta ba, ta ce Yaya ya yi gaskiyarsa, su kuma suka biya kuɗinta.

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan abin da ya yi, kuma ba zan ce na rushe ta gaba ɗaya ba. Mutum na iya yin kyauta da abin da yake nasa, amma yana da ikon yin nagarta da rufin kan wasu? Amsar da na iya samu ita ce, dubu ɗari bakwai ɗin da suka bambanta cinikin biyu ba su taɓa zama na kawu ba, balle su zama na iyalin ƙaninsa. Kuɗi ne da za su fito daga aljihun wani ɗan Magami, wanda shi ma yana da uwa da ƙanne da amarya, a kan wani zato da kawu ya san ba gaskiya ba ne. Da an rufa ɗakunan da su, da an kwashe wahala ce daga wani gida an kai wani, ba tare da sanin masu gidan ba. Buƙata tana ba mutum uzurin ya tsaya kan farashinsa, ya ƙi ragi, ya jira mai saye na gari. Ba ta mayar da kuskuren wani ya zama haƙƙinsa. Amma na yarda cewa faɗin haka ya fi sauƙi ga wanda ba a ɗakin nan ya kwana ba, kuma gaskiyar da ba ta ci wa kowa komai ba, ba a san ko gaskiya ce ba tukuna.

Ranar da mutumin Kaduna ya zo ɗaukar motar, kawu ya yi masa tambayar da ya yi wa saurayin, ya ji amsar da ta kwantar masa da hankali. Ya buɗe littafin a shafin ƙarshe, ya rubuta kwanan wata da yawan kilomita, ya mayar da shi cikin ɗan akwatinsa, ya miƙa makulli. Da yamma ya aika aka sayo kwano bandir uku, saura kuma aka karɓo bashi.